Naman Layya a Jaridar Mai Gadi

Mahaifiyata ba ta iya karatu ba, ko a allo ba ta yi nisa ba, amma ba ta taɓa tsallake takarda mai rubutun Larabci ba. Ko a tsakiyar kasuwa ta hango ta a ƙasa, sai ta sauke kayan da ke kanta, ta tsince ta, ta karkaɗe, ta kai ta goshi, sannan ta nemi tsagar katanga ta soka. Wata rana, ina ɗan sakandare ina ji da kaina, na kama ta tana yi wa takardar kwalin dabino wannan hidima. Na kwashe da dariya na ce, “Inna, wannan fa sunan kamfani ne da farashi.” Ta kama kunnena ta murɗe har sai da na yi ƙara, ta ce, “Kai ka san inda sunan Allah yake?” Takardar boko kuwa ba ta da wannan gata a gidanmu. Da ita ake ƙunshe ƙosai da tsire, da ita ake hura wuta, da ita ake goge ƙwan fitila. Haka na tashi da takarda iri biyu a kaina, wadda ake kaiwa goshi da wadda ake kaiwa murhu.

Da aiki ya kawo ni Riyad sai tarbiyyar nan ta zame mini jidali, domin a nan komai da Larabci yake. Rasit ɗin kanti, takardar wuta, tallan shinkafa da ake soka maka a ƙarƙashin ƙofa. Watannina na farko aljihuna kullum a cike yake da tarkace, matata tana mita duk ranar wanki. A hankali na saki rasit da talla, amma jaridar Larabci har yau ban iya shimfiɗa ta in ɗora abinci ba, don da wuya ka buɗe shafi ba ka ci karo da aya ko ta'aziyya ba.

Aikina gwajin jini ne a wani ƙaramin asibitin kuɗi a unguwar Shumaisi, gidanmu kuma a unguwar Shifa yake, hawa na uku. Mai gadin gidan, wanda a nan ake ce wa haris, ɗan Bangladash ne, gajere, da gemu mai jan lalle da tabarau ɗaure da zare. Ɗakinsa a ƙarƙashin matakala yake, bango ɗaya da injin tura ruwa. Shi ke share bene, shi ke fitar da shara, shi ke wanke motocin ’yan haya kafin rana ta yi zafi. Doktur yake ce mini. Ni ba likita ba ne, na kuma sani, amma shekara huɗu ban gyara masa ba. Ni kuwa sadik nake ce masa, wato aboki, kamar yadda ake ce wa duk wanda ba a damu a riƙe sunansa ba.

Mutumin nan yana da ciwo ɗaya, wata jarida ta ƙasarsu mai fitowa kullum da yarensu. Duk safiya in na sauko zan tarar da shi a kan kujerar roba a bakin ƙofa, ya manna waya a hanci yana karanta ta, yana tsaki. Da ya gan ni sai ya miƙe ya tare ni.

“Doktur, shuf! Duba nan. Kuskure uku a layi ɗaya. Uku! Da babana yana da rai, wallahi yau ba zai ci abinci ba.”

Sai ya turo mini wayar a fuska, kamar zan gane wani abu. Rubutunsu a idona shanya ce kawai, igiya a sama, tsummoki suna reto a ƙasa. In ce masa, “Kwayyis, kwayyis,” wato da kyau, in laluba makullin mota.

Duk da haka labarin ya shiga kunnena gutsure-gutsure, da Larabcin titi da ɗan Turanci da nuni da hannu. Ya ce jaridar ta girme shi. A wani lungu na tsohon gari aka fara ta, da inji ɗaya, a zamanin da masu mulki suke so a ajiye yarensu a gefe a ɗauki wani. Mahaifinsa ya shiga gidan jaridar yana saurayi, a matsayin mai jera haruffa. Da hannu ake tsinto haruffan dalma ɗaya bayan ɗaya, a jera su a juye, har shafi ya cika, kuma a nan ya tsufa, yatsunsa baƙi ƙirin har ya mutu. Ya ce a ƙauyensu kwafi ɗaya ke zuwa, a teburin mai shayi ake karanta wa jama'a da ƙarfi, kuma in gardama ta yi tsanani sai wani ya ce, “Ta fito a jarida?” In ta fito, magana ta ƙare. Labarin da ya fi so shi ne na ranar da hukuma ta aiko aka soke sharhin edita ana dab da bugawa, aka ce a cike gurbin da wani abu. Mahaifinsa da abokan aikinsa suka bar wurin fari fat, aka buga haka. Ya ce ranar mutane layi suka yi suna sayen jarida don su kalli wurin da ba a rubuta komai ba, kuma kowa ya gane abin da aka ce.

Shi ma haris ɗin da ya gama makaranta can ya shiga, mai duba kuskure kafin a buga. Daga baya waɗanda suka kafa ta suka mutu, magada suka sayar wa wani attajiri, shafin farko ya koma hoton maigida yana yanka kirtani, yana raba barguna. A Hausance dai ta zama maroƙiya. Mutanen da a da suke rantsuwa da ita suka koma yi mata dariya. Da aka tashi rage ma'aikata kuwa, masu duba kuskure aka fara sallama. Ta haka ya iso ƙarƙashin matakalarmu. Amma bai daina karanta ta ba, kamar uban da ɗansa ya lalace, yana zagi yana leƙawa.

Ni fa ban yarda da rabin labarin ba. A ƙasar nan kowa ka taɓa sai ya ce maka shi wani ne a gida. Direba injiniya ne, mai wanki malamin jami'a ne. Na sha faɗa wa matata ina dariya, “Editanmu ya tare ni yau ma.” Sau biyu ko uku ya ce in shigo ɗakinsa ya nuna mini tsofaffin kwafin da ya zo da su, har da wanda ya ce ya fi iƙamarsa daraja, wato takardar izinin zamansa a ƙasar. Kullum amsata ɗaya ce: “Bukra, in sha Allah.” Goben nan ba ta zo ba har aka shiga watan babbar Sallah, a shekarar da kwantiraginsa ya ƙare, ya gaya mini bayan Sallah da mako biyu zai koma gida gaba ɗaya.

Layya a Riyad ba irin ta gida ba ce. Ba ka yanka a ƙofar gida, mayanka kake kai ragonka, ka bi layi, a ba ka nama a leda. Matata ta ce ko ma yaya ne ita sai ta yi suyar Sallah irin ta gida, wadda za a ci wata guda ana tuna gida. A cikin ɗaki ba zai yiwu ba, hayaƙi zai tara mana maƙwabta, sai muka yanke a hau rufin bene washegarin Sallah bayan la'asar. Na kira wani dattijo ɗan Maraɗi da ke tuƙa wa wani gida mota a Suwaidi, wanda muka saba da shi a masallacin Juma'a har nake ce masa Baba. Ya zo da babban kasko da murhun gas a bayan mota, domin shi duk shekara sai an gayyace shi suya.

Zafin ranar ba a magana. Rufin siminti ya sha rana, ga wutar gas, ga mai yana tartsatsi. Da kaskon farko ya yi, Baba ya ɗaga matsami cike da nama yana tsiyaya, ya ce, “Likita, ina za a zuba?” Sai a lokacin muka ga babu abin tsane mai. Leda ba ta ɗaukar nama mai zafi, narkewa take yi. Matata ta ce a cikin mota akwai tsofaffin jaridun da na kwaso daga ɗakin jiran asibiti don goge gilashi, in je in ɗauko. Na harare ta na ce, “Na Larabci? A zuba musu nama? Ke ba ki da hankali ne?” Na faɗa da ƙarfi, ina jin daɗin Baba ya ji irin tarbiyyar da na samu.

Da na waiwaya sai na hango wani tuli a inuwar tankin ruwa. Jaridu ne, sun yi ruwan ƙasa don tsufa, an jera su a kan kwali, an danne da rabin bulo. Na ɗaga bulon na ga rubutun shanya. Na ce alhamdu lillahi, ga takardar murhu.

Baba ya dube ni ta cikin hayaƙi. “Likita, wagga takarda da mai ita hwa. Dibi, an danne ta. Mi za ya hana a tambaya?”

Daidai lokacin mai ya fallatso mini a bayan hannu. Na yi tsalle ina yarfe hannu, na sauke fushin a kansa. “Baba, don Allah! Rubutun ’yan Bangali ne, babu ayar komai a ciki. In sauka hawa uku in hau don tsohuwar jarida? Nama na ƙonewa!”

Baba ya juya ga kaskonsa.

Zan so in ce haris bai faɗo mini a rai ba. Ya faɗo. Ɗan Bangladash ɗaya ne a gidan, kuma shekara huɗu yana cika mini kunne da jarida. Amma sai na ce a zuciyata, ko tasa ce ai jarida ce, ta jiya ma ta tsufa balle wannan. Na zari na sama, na shimfiɗa shafi biyu a faranti, Baba ya juye naman. Sauran na yi ta yagewa biyu-biyu, matata tana ƙunshe rabon maƙwabta, ƙunshi goma sha biyu. Takardar tana da daɗin aiki, ta yi laushi, tana shan mai yadda ake so, har na yaba.

Kafin magariba na bi ƙofa-ƙofa da rabo. Ƙunshin da ya fi girma na ware wa haris, na sa masa hanta da ƙoda. Na same shi yana wanke hannu a famfon waje, na miƙa masa da hannu biyu, ina jin kaina mai alheri.

“Sadik, Id mubarak. Naman Najeriya ne, ka ci ka ba da labari a gida.”

Ya karɓa yana murmushi. Sai idonsa ya sauka a kan ƙunshin, murmushin ya tsaya. Ya juya shi, ya gyara tabarau, ya kai shi kusa da fuska. Ya ɗaga kai ya dubi saman bene, ya dawo ya dube ni, idonsa ya kawo ruwa. Can ya ce, “Shukran, Doktur,” ya shige ɗaki.

Na hau sama ƙafata ba ta taɓa ƙasa don daɗi. Na ce wa matata, “Kin ga talaka? Ɗan naman nan har ƙwalla ya yi. Wa ya san rabonsa da a tuna da shi.” Ta ce Allah ya ba da lada, na ce amin, na ci nama na ƙoshi. Wannan maganar tawa ita ce har yau in na tuna nake jin kamar ƙasa ta tsage in shige.

Washegari da safe na sauko na tarar ba a share matakala ba, ga ɗigon mai tun daga sama har ƙasa, motata kuma da ƙurarta. A shekara huɗu ba a taɓa haka ba. Raina ya ɓaci. Na ce wato jiya an ci nama, yau an miƙe ƙafa. Na nufi ɗakinsa da faɗa a bakina, na tura ƙofar ko sallama ban gama ba.

Yana zaune a ƙasa. Ya baje sauran jaridun a kan katifa, shafi-shafi, yana jera su. A gabansa ga rabin shafin da na ƙunshe masa nama, ya goge shi da tsumma, ya miƙar, ya danne gefensa da kofi. Naman yana cikin kwano a rufe. Bangon da ke jikin injin ruwa ya jiƙe har ya yi baƙi, sai a lokacin na gane abin da ya kai jaridun sama. Shanya su ya yi don su sha iska kafin ya ɗaure kaya.

“Doktur, tafaddal,” ya ce, ya janye ƙafa don in sami wuri.

Na tsaya a tsaye. Ya nuna rabin shafin ya ce wannan shafin farko ne na kwafin da ya so ya nuna mini. Duk shekarun da mahaifinsa ya yi yana jera sunayen mutane, ministoci da ɓarayi da ’yan ƙwallo, sunansa bai taɓa fitowa a jaridar ba sai sau ɗaya, washegarin rasuwarsa. Abokan aikinsa suka yi masa ɗan akwatin ta'aziyya a shafin ciki, da hotonsa da layi kaɗan. Hoton da aka ba su ya ɓace a gidan jaridar, sauran na gida kuma ambaliya ta tafi da su. Wannan ne kaɗai ya rage. ’Yarsa da aka haifa bayan rasuwar ba ta taɓa ganin fuskar kakanta ba sai a nan, kuma ya yi mata alkawari zai mayar mata da shi, a sa a gilashi a ɗakin aurenta. Ya duba tulin sau uku, shafin ba ya ciki.

Abin da ya fito daga bakina shi ne, “To kai me ya sa ka bar su a sama ba ka faɗa wa kowa ba?” Wai in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ban san inda na samo ƙarfin halin ba.

Ya gyaɗa kai kamar na faɗi gaskiya. “Sahih, Doktur. Laifina ne. Mafi mushkila, ba komai.” Sannan ya ƙara, “Mu ma a gida da jarida ake ƙunshe gyaɗa. Babana yakan ce jarida kwana ɗaya take yi, gobe ta mai gyaɗa ce.”

Da zagina ya yi da na sami abin kamawa. Na fita, na kira wurin aiki na ce ba ni da lafiya.

Na bi ƙofofin da na bi jiya, wannan karon ba da fara'ar mai rabo ba. Ka tsaya a gaban mutum ka ce masa, naman da na ba ka jiya, ina takardar? Ɗan Masar da ke hawa na biyu ya dube ni tun daga sama har ƙasa, ya tambaya ko naman ne da matsala. Matar ɗan Sudan ta miƙo mini ledar shararta ta bayan ƙofa, na tsuguna a matakala na tona, cikin ɓawon albasa da ƙashi, na sami guntaye biyu. Babu hoto. Wasu sun riga sun fitar da shara, na ruga babban bola na bakin titi na tarar motar baladiyya, hukumar gari, ta kwashe tun asuba. Na tsaya a rana ina leƙa ƙarfen da babu komai a ciki, wani yaron gidan maƙwabta yana kallona ta taga.

Da azahar na tuƙa har Suwaidi wurin Baba. Tun kafin in gama bayani ya shiga ɗakinsa ya fito da takardar ƙunshinsa, a goge, a ninke huɗu. Bai yar ba. Na buɗe, tallan sabulu ne da wani dogon rubutu. Na jira ya ce ai na faɗa maka, don in sami wanda zan yi wa fushi. Bai faɗa ba. Ya ce, “Allah shi sa a dace, Likita,” ya kawo mini ruwa.

Da na dawo na ce wa haris ya kwantar da hankalinsa, yanzu zamani ya canza, zan rubuta wa gidan jaridar, zan biya ko nawa ne su ɗauko mana shafin daga ma'ajiyarsu. Ya yi wata ’yar dariya mara daɗi. Ya ce ɗan ƙanensa ya je tun shekarun baya. Lokacin da sababbin masu ita suka koma sabon gini mai gilashi, tsofaffin kundaye sun yi musu nauyi, aka auna su a sikeli aka sayar wa masu ƙunshi. Har kwafin nan mai farin gurbi, in ba a hannun irinsa ba, babu. Na ji haushin mutanen nan ƙwarai, na fara zaginsu, sai na tuna abin da na yi da hannuna jiya, na bar zagin.

Kwana biyu ina wucewa ta gaban ɗakinsa da sauri kamar mai bin bango. Ya koma sharansa da wankin mota, yana gaishe ni da Doktur kamar kullum. Ban iya cin naman ba. Matata ta zuba shi a babbar tukunya ta rufe, tana ɗiba kaɗan-kaɗan tana sa wa miya.

Rana ta uku da hantsi ina shirin fita na ji ta kira daga kicin, muryarta wani iri. “Malam, zo ka gani.” Ta ɗebi nama har ta kusa gindin tukunya, sai ga takarda. Shafin da na fara shimfiɗawa a faranti ne, wanda naman farko mai tafasa ya sauka a kansa. Da za ta juye a tukunya sai ta haɗa da shi don ya ci gaba da shan mai. Ashe duk yawon da na yi, daga bola har Suwaidi, abin yana kicin ɗina, ƙarƙashin naman layyata. A kusurwar ƙasa ga ɗan akwati mai baƙin layi.

Muka ciro shi da cokali biyu, a hankali, yana neman rabuwa. Na ɗora shi a kan faranti mai tsabta na sauka da shi, ina tafiya kamar mai ɗauke da ƙwai.

Wannan karon na yi sallama, na jira aka amsa. Na durƙusa a bakin ƙofa na ajiye farantin a gabansa. Na shirya magana mai tsawo tun daga hawa na uku, amma abin da na iya cewa kawai, “Ka yafe mini. Na san naka ne lokacin da na ɗauka.”

Ya wanke hannu, ya goge, ya ɗaga shafin da yatsa huɗu ya nufi hasken ƙofa. Mai ya ratsa takardar har ana ganin bayanta. Inda fuskar take ya zama wani duhu mai sheƙi, rubutun ɗaya gefen ya fito ta cikinsa a juye. Ana iya gane hula, da kafaɗa ɗaya. Ido da baki babu. Ya daɗe yana karkata shi dama da hagu, ko wani gefen zai fi.

“Rubutun yana nan,” ya ce daga baya. “Zauna, Doktur. Kullum kana cewa bukra.”

Na zauna a kan simintin. Ya karanta da yarensu, a hankali, yana fassara mini layi-layi. Wai wane ɗan wane, mai jera haruffa, ya rasu jiya bayan gajeriyar jinya. Wai ya shiga gidan nan da ƙuruciyarsa, bai taɓa barin kuskure ya wuce ta hannunsa ba da saninsa. Wai abokan aikinsa ne suka jera wannan da hannunsu, suna roƙon mai karatu ya yi masa addu'a. Ya ce layin nan shi da kansa ya duba shi a daren da aka binne uban, don kada a yi kuskure a sunan.

Sai ya mayar da yatsa can sama, kan layin farko da ya tsallake, ya karanta. Wannan bai buƙaci fassara ba. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da bakinsa na ji, amma a takardar shanyar nan ce dai, igiya da tsummoki.

“A nan?” na ce.

“A nan.” Ya ɗora farce a ƙarƙashin wasu haruffa da suka yi naso, wani guntun tsoka ya manne a gefensu. Ya cire shi a hankali. “Wannan Allah.”

Kunnena ya yi zafi, daidai inda Inna ta murɗe.

Ya ninke shafin bisa tsohon ninkinsa, ya sumbace shi, ya kai shi goshi ya riƙe, idonsa a rufe. Da ya sauke sai ga tabon mai a goshinsa, daidai wurin sujada, yana ƙyalli. Bai sani ba. Ya tashi ya ɗauki tsintsiya ya ce bari ya gama bene kafin azahar, na matsa na ba shi hanya. Ina kallon man ragona a goshinsa har ya hau matakala, na kasa ce masa ya goge.